Ɗan sanda ya karɓe bindigata mai lasisi a bakin hanya: doka ta ba shi wannan ikon?

Tambaya: Ina zaune a Houston, jihar Teksas ta Amurka. Ina da katin zama na dindindin da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga. Ɗan sanda ya tsayar da ni da dare saboda gudu. Da na miƙa masa lasisin tuƙi da na bindiga, sai ya ce in fito, ya zare bindigar daga ƙuguna ya tafi da ita motarsa. Can ya dawo da ita babu harsashi, ya ce in buɗe but ya ajiye ta ciki, ya zube harsasan a kujerar baya, sannan ya ba ni takardar tara. Ya halatta ya yi haka? Kuma dole ne kullum in faɗa musu ina da bindiga? Nakan yi tafiya zuwa wasu jihohin.

Amsa: Ɗan'uwa, barka da rabuwa lafiya. A Teksas dai, mafi yawan abin da ɗan sandan nan ya yi maka doka ta ba shi dama. Sashe na 411.207 na dokar gwamnatin jihar ya ce jami'in da ke bakin aiki yana iya karɓe makamin mai lasisi duk lokacin da ya ga, bisa dalili mai ma'ana, cewa yin hakan ya zama dole don kare shi kansa, ko mai lasisin, ko wani. Sashen ya kuma ɗora masa sharaɗi: sai ya mayar da bindigar kafin ya sallame ka, muddin bai same ka da laifin da zai sa a kama ka ba kuma bai ga kana da haɗari ba. Ya karɓa, ya mayar. Ta wannan fuskar ba ka da wata ƙara mai ƙarfi.

Fito da kai daga mota ma haka ne. Tun 1977, a shari'ar Pennsylvania da Mimms, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa idan an tsayar da mota bisa ƙa'ida, ɗan sanda yana iya cewa direba ya fito ba tare da ya kawo wani ƙarin dalili ba. A 1997, shari'ar Maryland da Wilson ta haɗa har da fasinjoji. In an ce ka fito, fita za ka yi, ko da ruwan sama ake.

Inda gardamar take shi ne lalube jiki da karɓe makami, kuma lauyoyi da alƙalai ba su gama daidaitawa a kai ba har yau. Tushen maganar shari'ar Terry da Ohio ce ta 1968. A can kotu ta ce ɗan sanda yana iya shafa jikin mutum ta saman tufafi idan yana da zato mai tushe cewa mutumin yana ɗauke da makami kuma yana da haɗari a wannan lokacin. A 1983, shari'ar Michigan da Long ta faɗaɗa wannan zuwa cikin mota, wato wuraren da hannu zai iya kaiwa ya ɗauko makami. A zamanin da aka yi waɗannan hukunce-hukuncen, a jihohi da yawa ɓoye bindiga a jiki laifi ne ga kusan kowa, don haka duk wanda aka samu da ita, zaton haɗari ya riga ya hau kansa. Yanzu zamani ya juya. A 2022, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ɗaukar ƙaramar bindiga a waje don kare kai haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya kare, kuma zuwa 2024 jihohi 29 ba sa tilasta mallakar lasisi kafin a ɗauki bindiga. Teksas ta shiga sahunsu tun 1 ga Satumba, 2021. Tambayar da ta taso ita ce: mutumin da ke yin abin da doka ta halatta masa, shin riƙe makamin kaɗai ya isa a ce yana da haɗari?

Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta huɗu ta ce ya isa. A shari'ar Robinson ta 2017, wadda ta taso daga wata tsayarwa a West Virginia, mafi rinjayen alƙalan sun ce idan an tsayar da mutum bisa ƙa'ida kuma akwai dalilin zaton yana da bindiga, ana iya lalube shi ko da dokar jihar ta halatta masa ɗaukarta, domin haɗarin yana cikin haɗuwar abu biyu: tsayarwar dole da kuma makami. Wasu kotunan sun ja layi a wani wurin. Shiyya ta shida, a shari'ar Northrup ta 2015 daga birnin Toledo, ta ce ganin mutum da bindiga a fili a jihar da ta halatta hakan bai isa dalilin tsare shi ba. Kotun Ƙolin Pennsylvania ta faɗi makamancin haka a 2019. Wadda ta fi kusa da irin halinka ita ce ta 2024 daga Waterbury a jihar Connecticut: direba ya miƙa lasisin bindigarsa ya kuma faɗa cewa tana cikin mota, ɗan sandan ya fizgo shi, ya sa masa ankwa, ya kulle shi a bayan motar sintiri kimanin rabin awa, ya caje motar har da but. Kotun shiyya ta biyu ta ce wannan ya wuce gona da iri, kuma ta hana ɗan sandan fakewa da kariyar da jami'ai ke samu daga ƙarar diyya. Abin da za ka ɗauka daga waɗannan shi ne, raba ka da bindigar na ɗan lokaci yawancin kotuna za su bari. Sa ankwa, tsarewa mai tsawo da cajen mota gaba ɗaya saboda lasisin da ka nuna kawai, wannan wata magana ce daban.

Abubuwa biyu a labarinka ne suka fi ɗaukar hankalina. Na farko, tafiya da bindigar motarsa. Kusan tabbas lambar jikinta ya je ya duba a rumbun bayanai na hukumar FBI, wanda ke da jerin bindigogin da aka kai rahoton an sace. Teksas ba ta da rajistar bindigogi, saboda haka binciken ba zai nuna masa sunan mai ita ba, sai dai ko an taɓa cewa ta sata ce. Shin yana da ikon yin wannan? A 1987, a shari'ar Arizona da Hicks, Kotun Ƙoli ta ce ɗan sandan da ya ɗaga kayan sauti a gidan wani don ya ga lambar da ke ƙasa ya yi caje, amma karanta lambar da ke fili ba caje ba ne. Da zarar bindigar ta shiga hannunsa ta halal, lambar tana gabansa. Don haka faɗan yakan koma kan lokaci. Shari'ar Rodriguez ta 2015 ta ce tsayarwar hanya tana da aikinta, wato duba lasisi, takardun mota, inshora, ko ana neman mutum, da rubuta tara, kuma ba a ƙara wa mutum ko 'yan mintuna don binciken wani laifi daban sai da sabon dalili. A waccan shari'ar minti bakwai ko takwas ne aka ƙara don jiran kare ya shinshina mota, kotu ta ce bai halatta ba. Idan ya duba lambar a daidai lokacin da kwamfuta ke duba lasisinka, da wuya alƙali ya ga laifinsa. Idan kuwa ya gama rubuta tarar ya ci gaba da riƙe ka don jiran sakamakon lambar, to lauya yana da abin kamawa. Wannan kuma shi ya sa nake gaya wa mutane su ajiye rasit ɗin bindigarsu, musamman wanda ya saya hannu da hannu daga wani. In ta taɓa biyowa ta hannun ɓarawo shekaru goma baya, a bakin hanya za ka fara jin labari.

Na biyu, but. Da ya ce ka buɗe kuma ka buɗe, kotu tana iya ɗaukar cewa ka ba shi izinin ganin duk abin da ke fili a ciki. Mai yiwuwa ba da wata manufa ya yi ba, so yake kawai bindigar ta yi nisa da hannunka har ya koma motarsa. Amma kana da ikon ka ce cikin ladabi, "Yallaɓai, na fi so ka ajiye ta a ƙasan kujerar baya, ban ba da izinin buɗe but ba." In ya nace, kada ka tare shi, kada ka ja da shi. Ka dai faɗa sau ɗaya a sarari yadda kyamarar ƙirjinsa za ta ɗauka.

Ra'ayina a kan wannan ɗabi'ar ta karɓe bindiga daga duk mai lasisi, ko da bai nuna wata alamar rigima ba, shi ne kuskure ce, ko da doka ta bari. Bindigar da ke cikin kubenta, kunamarta a rufe, ba ta tashi da kanta. Haɗarin yana farawa ne lokacin da aka sa hannu. Ka duba yadda abin ke kasancewa: mutum biyu a tsaye a gefen babban titi cikin duhu, manyan motoci na wucewa suna kaɗa su da iska, ɗaya ya zura hannu ƙarƙashin rigar ɗayan yana jan bindigar da bai san irinta ba daga kuben da bai san makullinsa ba, bakinta na kallon cinyar mai ita. Sannan ya cire gidan harsashi, ya ja bayanta don fitar da wanda ke ciki, da tocila a hammata. Kowane mataki a nan wuri ne da yatsa zai iya zamewa. Ƙwararrun 'yan sanda da yawa sun san haka, shi ya sa za ka ji sun ce, "Bar ta inda take, kada ka taɓa taka, ni ma ba zan taɓa tawa ba," su ci gaba da aikinsu. A ganina wannan shi ne aikin hankali, kuma shi ya kamata hukumomi su mayar ƙa'ida.

Duk da haka yana da kyau ka san abin da ke cikin kan wanda ke tahowa wajen gilashinka. A ranar 12 ga Janairu, 1998, wani matashin jami'i mai shekara 22, Kyle Dinkheller, ya tsayar da wani mutum saboda gudu a ƙaramar hukumar Laurens ta jihar Jojiya. Mutumin ya fito, ya ƙi bin umarni, ya koma motarsa ya ɗauko doguwar bindiga ya kashe shi, kyamarar motar sintirin ta ɗauki komai har da kukansa. Shekara da shekaru ana nuna wannan bidiyon a makarantun horar da 'yan sanda a faɗin Amurka, kuma darasin da yawancinsu ke fita da shi shi ne jinkiri yana kisa, hannun da ya ɓace daga gani shi ne mutuwa. Mafi yawan tsayarwa suna ƙarewa lafiya, amma wanda aka horar da wannan hoton ba lissafi yake yi ba lokacin da hannunka ya nufi aljihu.

Wanda ya biya kuɗin wannan tsoron da ransa shi ne Philando Castile. Ranar 6 ga Yuli, 2016, a Falcon Heights ta jihar Minesota, ɗan sanda Jeronimo Yanez ya tsayar da shi ya ce fitilar birkinsa ta mutu. Castile baƙar fata ne mai shekara 32, yana kula da ɗakin cin abincin wata makarantar yara, kuma yana da lasisin bindiga. Budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. Yanez ya nemi lasisin tuƙi da inshora. Castile ya miƙa katin inshora, sannan cikin natsuwa ya ce, yallaɓai, dole in gaya maka ina da bindiga a jikina. Yanez ya ce to kada ka kai hannu gare ta, kada ka fito da ita. Castile ya ce ba fito da ita nake yi ba. Cikin 'yan daƙiƙu Yanez ya yi harbi bakwai, biyar suka same shi. Budurwar ta ce walat ɗinsa yake ƙoƙarin cirowa don ya ba da lasisin da aka nema. Mai gabatar da ƙara na yankin ya ce babu wani ɗan sanda mai hankali da zai yi harbi a wannan halin, ya gurfanar da shi, amma a Yunin 2017 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. An biya mahaifiyar Castile diyyar kusan dala miliyan 3.

Ni a wurina laifin na ɗan sandan ne. Shi ne mai horo, shi ne ya ba da umarni biyu masu karo da juna, kawo lasisi da kuma kada ka motsa hannu, bai tsaya ya ce ɗora hannuwanka a kan sitiyari ba, bai ja da baya ba. Ba adalci ba ne a ce direban da ya firgita shi ne zai riƙe natsuwar mutum biyu. Amma kai baƙin mutum ne mai karin harshen baƙo, kana tuƙi da dare da bindiga a ƙugu, kuma ina so ka koma gida wurin iyalinka. Saboda haka ka ɗauki wannan da muhimmanci: daga lokacin da maganar bindiga ta fito daga bakinka, duk wani umarnin da aka ba ka kafin nan ya mutu, sai an sake ba ka shi.

Da ka ga fitilar sintiri a bayanka, sa sigina ka nemi wuri mai haske ka tsaya. Kashe mota, sauke gilashi, kunna fitilar ciki in dare ne, ɗora hannu biyu a saman sitiyari, yatsu a buɗe. Kada ka fara laluben takardu kafin ya iso, domin daga baya abin da yake gani shi ne kafaɗa tana sunkuyawa. Kuma don Allah ka bar al'adar gida a gida. A shingen bincike na hanyar Kaduna ko Zariya, direba kan fito da takardunsa a hannu ya nufi ofisa yana gaisuwa, ana ɗaukar hakan girmamawa. A Amurka buɗe ƙofa ka fito ba a ce ka fito ba yana cikin abubuwan da suka fi tayar musu da hankali. Idan ya iso, ka fara da lasisin kafin makamin: "Ina da lasisin ɗaukar makami, kuma yana tare da ni a ƙuguna na dama. Yaya kake so in yi?" Kada ka nuna wurin da hannu. In ya ce kawo lasisi, ka ce, "Walat ɗina yana aljihun baya na dama, kusa da bindigar. In ɗauko?" Ka jira ya amsa, sannan ka motsa a hankali. Mafi sauƙi ma, tun daga gida ka raba su: lasisi da inshora a maƙale a abin kare rana na saman gilashi, inda hannu zai je a fili. Kada ka taɓa ajiye bindiga a aljihun gaban mota tare da takardu. In ya ce miƙo masa bindigar da hannunka, ka roƙe shi ya ɗauka da kansa, domin abokin aikinsa da ke ɗaya gefen motar bai lalle ya ji umarnin ba, abin da zai gani kawai shi ne direba da bindiga a hannu. In kana da fasinja, ka gaya masa ya yi shiru ya ɗora hannu a gwiwa. Bayan an sallame ka kuma, kada ka tsaya mayar da harsashi a gabansa. Ja motarka ka yi gaba.

Kan ko dole ne ka faɗa, amsar tana canjawa da zarar ka tsallaka iyakar jiha. A Teksas, sashe na 411.205 ya ce mai lasisin da ke ɗauke da bindiga, idan jami'i ya nemi shaidarsa, ya nuna lasisin tuƙi da na bindiga tare, wato abin da ka yi daidai ne. A Mishigan da North Carolina dole ne ka faɗa nan take ko ba a tambaye ka ba, kuma yin shiru laifi ne. Ohio haka take da, amma daga Yunin 2022 sai in an tambaye ka. Sai dai dokarta ta ce ka zauna a mota, hannuwa a fili, kada ka taɓa bindigar. A Minesota ma sai an tambaya. Jojiya ba ta ɗora wannan nauyin ba. Babu jihar da zan ba ka shawarar ka yi ƙarya in an tambaye ka. Inda doka ba ta tilasta ba, ni na fi son a faɗa idan bindigar tana jiki ko kusa da inda hannu zai je, ko kuma an ce ka fito, domin gara ya ji daga bakinka da ya gani da idonsa. A wasu jihohin ma lasisin yana fitowa a kwamfutarsa tun kafin ya iso gare ka.

Abin da ya fi wannan haɗari ga matafiyi shi ne zaton lasisin Teksas yana aiki ko'ina. A 2013 wata mata mai 'ya'ya biyu daga Philadelphia, Shaneen Allen, ta shiga New Jersey da bindigarta mai lasisin Pennsylvania. Aka tsayar da ita kan ƙaramin laifin hanya, ta faɗa da bakinta cewa tana da bindiga da lasisi, aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin dole na shekara uku da rabi. Sai da maganar ta cika ƙasa kafin a sassauta, gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. New Jersey, New York da Kalifoniya ba sa amincewa da lasisin Teksas. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa irin waɗannan jihohin, da sharaɗin bindigar ta halatta gare shi a inda ya taso da inda za shi, babu harsashi a cikinta, kuma tana but ko cikin akwati mai makulli inda hannu ba zai kai ba. Wannan kariyar ta mai wucewa ce, kuma sau da yawa a gaban alƙali ake cin moriyarta bayan an riga an kwana a sel. Kafin kowace tafiya ka buɗe shafin 'yan sandan jiha ko na babban lauyan kowace jihar da za ka ratsa, domin dokokin nan suna canjawa kusan kowace shekara.

Matsayinka na zama ya sa kuskuren da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, kai zai iya raba ka da ƙasar. Mai katin zama na dindindin yana da damar mallakar bindiga a dokar tarayya, amma dokar shige da fice ta ce duk baƙon da aka samu da laifin da ya shafi bindiga ana iya mayar da shi ƙasarsu, komai daɗewarsa. Kada ka amsa wani laifi na makami, ko da an ce maka ƙarami ne, sai lauyan shige da fice ya duba. Ka kuma ja kunnen ƙannenmu ɗalibai da masu bizar ziyara: dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi riƙe bindiga ko harsashi, sai 'yan togaciya kaɗan kamar mai lasisin farauta. Barin bindigarka a motar da ɗayansu zai ara yana iya jefa ku duka biyu cikin matsala. In kuma kana aikin tasi na Uber ko Lyft, ƙa'idar kamfanonin ta hana direba ɗaukar bindiga a bakin aiki ko da jiha ta halatta.

Game da naka lamarin, in har tsayarwar ba ta ɗauki lokacin da ya wuce na rubuta tara ba, ba a sa maka ankwa ba, ba a birkita kayan motarka ba, ban ga abin da kotu za ta ba ka ba. Idan kana jin an riƙe ka fiye da kima, zauna yau ka rubuta lokacin da aka tsayar da kai da lokacin da aka sallame ka, da abin da kowa ya faɗa bi da bi. Sunan jami'in da lambarsa suna jikin takardar tarar. Ka nemi bidiyon kyamarar ƙirjinsa da ta motarsa a rubuce da wuri, domin ba a ajiye su har abada, sannan ka kai wa lauyan da ke aikin haƙƙin jama'a ya auna mintunan. A Teksas wa'adin shigar da irin wannan ƙarar a kotun tarayya shekara biyu ne daga ranar da abin ya faru.